Astrakhan: Birni da Lardin Bakin Kogin Volga

Astrakhan birni ne a kudancin Rasha, a gaɓar kogin Volga, kimanin kilomita 100 kafin kogin ya zuba a Tekun Kaspiyan. Shi ne hedikwatar lardin da ke ɗauke da sunansa. Ƙidayar 2021 ta sami mutum 475,629 a birnin, lardin gaba ɗaya kuma 960,142, wato kusan rabin mutanen lardin a gari ɗaya suke zaune. Daga Mosko tafiyar wajen kilomita 1,400 ce a mota, agogonsa kuma yana gaban na Mosko da awa ɗaya. Mazauninsa ne ya ba shi daraja tun fil azal. Nan ce ƙofar ƙarshe ta kogi mafi tsawo a Turai, kuma duk wanda ya riƙe ta ya riƙe hanyar da ta haɗa Rasha da Farisa da Kaukasus da Asiya ta Tsakiya.

Ƙasa da ruwa

Faɗin lardin ya kai murabba'in kilomita 49,000. Yana iyaka da lardin Volgograd a arewa, Jamhuriyar Kalmikiya a yamma, ƙasar Kazakistan a gabas, sai teku a kudu. Mafi yawansa yana cikin wani kwari mai faɗi da ke ƙasa da matakin tekunan duniya. Shi kansa birnin ya nutsa ƙasa da wannan mataki da sama da mita 20, ruwan Kaspiyan kuwa da kimanin mita 29, domin teku ne rufaffe da ba ya haɗuwa da kowane babban teku.

Wanda ya ɗauka duk Rasha kurmi ce da dusar ƙanƙara zai sha mamaki a nan. Ruwan sama da ake samu a shekara bai wuce milimita 230 da ɗoriya ba, ƙasa ƙwarai da abin da Kano ke samu. A watan Yuli zafi yakan kai digiri 40, iska mai ƙura tana tasowa daga gabas. A Janairu kuma kogin yakan daskare, a shekara mai tsanani sanyi ya sauka ƙasa da sifiri da digiri 30. Hagu da dama na kogin fili ne fetal, ciyawa ƙanana da rairayi, inda ake kiwon tumaki da dawakai da raƙuma masu tozo biyu.

Volga ce ke raya wannan ƙasa. A ƙarshen tafiyarta ta kilomita 3,530 daga tuddan da ke arewa maso yammacin Mosko, takan ratsa lardin daga sama har ƙasa. Kusa da Volgograd wani reshe mai suna Akhtuba ya balle ya bi gefenta na ɗaruruwan kilomita, kuma tsakanin su biyun akwai doguwar fadama mai albarka wadda ruwa ke malalewa a kanta duk shekara. Kimanin kilomita 46 arewa da birnin wani reshen, Buzan, ya sake ballewa, daga nan kogin ya fara rarrabuwa har ya zama rassa sama da 500. Wannan delta ita ce mafi girma a Turai, faɗinta kusan murabba'in kilomita 27,000. Cikinta tsibirai ne da tafkuna da dazukan kacalla, da wasu dogayen tuddai na yumɓu da suka jeru daga gabas zuwa yamma, waɗanda aka sa wa sunan masanin da ya bayyana su a 1856, Karl Baer. A kan irin waɗannan tuddai mutane suka riƙa kafa garuruwa don gudun ambaliya. Birnin Astrakhan ma a kan tsibirai 11 yake, gadoji ne suka ɗinke unguwanninsa.

Rayuwar delta tana bin cikowar kogi. Daga Afrilu zuwa Yuni, idan ƙanƙarar arewa ta narke, ruwa yakan hau kan makiyaya ya kwanta bai fi gwiwa ba, rana ta ɗumama shi, kifi ya shiga ya saki ƙwai. Idan ruwan ya fara janyewa sai ƙananan ƙudaje masu cizo su mamaye ko'ina na 'yan makonni, har mutane su riƙa fita da raga a fuska. A Yuli da Agusta kuma wani irin bado mai manyan furanni ja-ja yakan rufe fuskar ruwa a bakin teku. Don kare wannan bado da tsuntsaye irin su kwasakwasa da zalɓe aka kafa gandun Astrakhan a Afrilun 1919, ana tsakiyar yaƙin basasar Rasha, kuma yana cikin gandaye na farko da gwamnatin Sobiyet ta kafa.

A arewa maso gabashin lardin akwai tafkin Baskunchak, wanda gishiri ne tsantsa. Ɓawonsa yana da ƙarfin da har layin dogo aka shimfiɗa a kansa, injina na kankarowa suna lodawa a taragai, fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma daga nan kaso mafi girma na gishirin Rasha ke fitowa. A gefensa dutsen Bogdo yake tsaye, mai jar ƙasa, tsayinsa kimanin mita 150. Kalmikawa mabiya addinin Buda suna girmama shi a matsayin wuri mai tsarki.

Kafin zuwan Rashawa

Ba Astrakhan ne birni na farko da ya ci arzikin wannan ƙofa ba. Daga ƙarni na 8 zuwa na 10 Itil, babban birnin daular Khazar, yana cikin wannan delta. Sarakunan Khazar sun karɓi addinin Yahudanci, amma garin ya cika da Musulmi da Kirista. Masanin tarihi Al-Mas'udi ya ruwaito cewa alƙalai bakwai ne a garin: biyu na Musulmi, biyu na Yahudawa, biyu na Kirista, ɗaya na masu addinin gargajiya. Sarkin Kiyef, Sviatoslav, ya ragargaza daular a shekarun 960. Masu haƙar kayan tarihi sun tono kufan wani babban gari a ƙauyen Samosdelka, wasu na ganin shi ne Itil, wasu na musantawa.

A ƙarni na 13 jikokin Jengis Khan suka kafa daular da aka fi sani da Rundunar Zinariya, suka gina babban birninsu Sarai a bakin Akhtuba. Kufansa yana kusa da ƙauyen Selitrennoye, sama da kilomita 100 arewa da Astrakhan. Zamanin Uzbek Khan, wanda ya yi mulki daga 1313 zuwa 1341, Musulunci ya zama addinin daular. A wannan zamanin ne sunan garin Haji Tarkhan ya fara bayyana a rubuce, a gaɓar yamma ta kogin. Ibn Batuta ya sauka a can wajen 1334 tare da ayarin sarki, kusan shekara ashirin kafin ya je Mali da Takadda har ya ambaci Gobir. Ya ce wani alhaji Baturke ne ya fara zama a wurin, sarki ya yafe masa haraji, shi ya sa aka kira garin da wannan suna, wanda a bakin Rashawa ya koma Astrakhan. Ya kuma ba da labarin yadda idan kogi ya daskare sarki kan sa a zuba dubban dammunan busasshiyar ciyawa a kan ƙanƙara, amalanke su bi ta kai.

Taimur ya ƙone Haji Tarkhan da Sarai a hunturun 1395 zuwa 1396. Sarai bai sake farfaɗowa sosai ba. Haji Tarkhan ya tashi, amma ƙarami, kuma a shekarun 1460 ya zama fadar wata 'yar masarautar Tatar da ta rayu tana lallaɓa maƙwabta masu ƙarfi, Kirimiya a yamma da makiyayan Nogai a gabas.

Cin garin da rikicin hanyar hajji

Bayan sarkin Rasha Ivan na Huɗu ya ci Kazan a 1552, sai ya zura ido kan sauran kogin. A 1554 rundunarsa ta sauko cikin jirage ta kori Yamgurchi Khan ta naɗa Darwish Ali. Da Darwish Ali ya juya ya nemi ƙawance da Kirimiya, sai Rashawa suka dawo a 1556 suka haɗiye masarautar, kusan ba tare da faɗa ba. A 1558 aka yi watsi da tsohon gari aka kafa sabo a gaɓar gabas, kimanin kilomita 12 ƙasa, a kan tudun da ake kira Tudun Zomo wanda ruwa ya kewaye. Daga wannan shekara ake lissafin shekarun birnin yau. Wani reshen gidan sarautar da aka kora ya yi hijira zuwa Buhara, garin Imamu Buhari, inda zuriyarsu ta hau mulki a 1599 ta riƙe shi fiye da ƙarni ɗaya.

Faɗuwar garin ta taɓa wani abu da ba a cika ambata ba, wato hanyar hajji. A lokacin Safawiyawa 'yan Shi'a ke mulkin Farisa, kuma gaba tsakaninsu da sarakunan Sunni na Buhara da Hawarizm ta sa bi ta ƙasarsu ya zama kasada. Don haka alhazan Asiya ta Tsakiya kan yi dogon zagaye: su kewaye Kaspiyan ta arewa, su ƙetare Volga a Astrakhan, su nufi Azof ko Kirimiya, su hau jirgi zuwa Istambul, sannan su bi ayarin Sham zuwa Makka. Da garin ya shiga hannun Mosko, koke ya riƙa isa fadar Usmaniyya cewa ana tsare alhazai da fatake. Babban waziri Sokollu Mehmed Fasha ya tsara a haƙa mashigi tsakanin kogin Don da Volga don jiragen yaƙi su isa Kaspiyan. A 1569, zamanin Sultan Salim na Biyu, runduna ta tashi ƙarƙashin Kasim Fasha tare da mahayan Kirimiya. Haƙan ya gagara, suka bar manyan bindigogi suka isa Astrakhan a Satumba da ƙafa, suka kasa cin ganuwar, hunturu kuma ya ƙarato. A hanyar komawa ƙishirwa da yunwa suka kashe da yawansu a daji. Wannan ne karo na farko a jerin yaƙe-yaƙen Rasha da Usmaniyya. Mashigin da suka kasa haƙawa sai a 1952 gwamnatin Sobiyet ta buɗe irinsa kusa da Volgograd.

Harin ya koya wa Mosko cewa katangar katako ba za ta wadatar ba. Tsakanin 1582 da 1589 aka gina ganuwar tubali, irin da Rashawa ke kira kremlin, kuma da yawan tubalan daga kufan Sarai aka kwaso su. Farar ganuwar tana nan da hasumiyoyi bakwai, a cikinta kuma akwai babbar majami'ar Uspenski da aka kammala a 1710.

Zangon fatake

A ƙarni na 17 da na 18 Astrakhan ta zama babbar kasuwar Rasha ta gabas. Kowace al'umma da zangonta: Farisawa, Armeniyawa, Buharawa, Indiyawa. Alharini da atamfar auduga da kayan yaji da rini suna haurowa, fatun dabbobi masu gashi da jima da kayan ƙarfe suna gangarawa. A 1667 gwamnatin Rasha ta ƙulla yarjejeniya da fataken Armeniyawa na unguwar Sabuwar Julfa da ke Isfahan kan cinikin alharini, wanda ta Astrakhan yake bi. Indiyawan kuwa, yawancinsu daga Multan da Fanjab, sun zauna shekara da shekaru, suna ba da bashi, suna da ɗakin ibadarsu a cikin zangon, har wasu suka auri matan Tatar. Fatar ɗan rago mai nannaɗaɗɗen gashi da ake yi wa hula da kwat, ko da yake daga Buhara take zuwa, Turawa sun sa mata sunan Astrakhan ne saboda ta nan take isa gare su. Unguwar Tatar ta kudancin gari har yau tana da Farin Masallaci na 1810 da Baƙin Masallaci na 1816, wanda aka rushe zamanin Sobiyet aka sake ginawa. Farisawa ma sun gina nasu a 1860.

Filin da ke kewaye ma ya sauya mazauna. Kalmikawa, Mongolawa mabiya Buda, sun iso a shekarun 1630. A 1771 mafi yawansu suka tashi suka koma gabas wajen Sin saboda matsin gwamnati, da yawa suka halaka a hanya. A 1801 aka ba wa Kazakawa ƙarƙashin Bukei izinin zama a makiyayar da suka bari tsakanin Volga da kogin Ural. Asalin yawan Kazakawa a lardin ke nan.

Astrakhan gari ne na bakin iyaka, cike da gudaddun bayin gona da 'yan ƙwadago da sojojin da albashinsu ke makara, saboda haka tawaye ba ya wuyar kamawa. A Yunin 1670 talakawa suka buɗe wa Stepan Razin, jagoran 'yan Kosak, hanya ya shiga, aka jefo gwamna Prozorovski daga kan hasumiya, kuma sai a ƙarshen 1671 sojojin sarki suka karɓe garin. A 1705 aka sake tashi saboda haraji da dokar sarki Peter na Ɗaya ta aske gemu da sa tufafin Turawa. Jita-jita ta bazu cewa za a aurar da 'yan matan gari ga Jamusawa, sai aka ɗaura aure kusan ɗari a rana ɗaya, cikin daren bikin kuma aka far wa hafsoshi. An murƙushe su a 1706. Peter ya mai da Astrakhan hedikwatar babban lardi a 1717, ya zo da kansa a 1722 ya kafa rundunar jiragen ruwan Kaspiyan, daga nan ya tashi yaƙin Farisa.

Hanyar da ke kawo kaya ita ke kawo cuta. Kwalara ta fara shiga Rasha ta Astrakhan a 1823, ta dawo a 1830 ta haura kogi har Mosko. A 1892 ta sake ɓarkewa, jama'a suka yi bore suka ƙone asibitin masu cutar.

Kifi

Babu abin da ya gina Astrakhan kamar kifi. A arewacin Kaspiyan, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku marar zurfi, akwai wani dangin manyan kifaye masu dogon baki da jerin ƙasusuwa a baya maimakon ɓawo, waɗanda Rashawa ke kira beluga da osetr da sebruga. A teku suke girma, amma sai sun hauro kogi su saki ƙwai a kan tsakuwa. Ƙwansu baƙi, idan an wanke an sa gishiri, shi ne kabiyar, ɗaya daga cikin abinci mafi tsada a duniya. An taɓa kama beluga a bakin Volga a 1827 mai nauyin kilo 1,571. Tun zamanin Tatar masunta kan kafa shingen gungume a tsallake reshen kogi, wanda suke kira uchug, kifi ya taru a bayansa a riƙa kamawa da ƙugiya. Bayan cin garin, sarki da gidajen ibada da manyan attajirai suka raba waɗannan shingaye. Gishirin Baskunchak, wanda aka ja masa layin dogo zuwa bakin kogi a farkon shekarun 1880, shi ya sa ake iya kai kifin Astrakhan ko'ina a ƙasar. Ƙidayar 1897 ta sami mutum kusan 113,000 a birnin, ban da dubban 'yan ci-rani da ke saukowa kowace bazara.

Kifin talaka shi ne vobla, ɗan ƙarami kamar tafin hannu. A da, a Afrilu, idan ya fara haurowa, mutane kan jeru a bakin kogi cikin gari kafaɗa da kafaɗa da ƙugiyoyinsu. Akan jiƙa shi a ruwan gishiri na kwanaki, a zura igiya ta idanunsa, a rataye a baranda a rufe da raga har ya bushe ƙarau. Mai ci yakan buga shi a gefen tebur ya yi laushi kafin ya ɓare. A shekarun yaƙi da yunwa wannan busasshen kifi ya ceci rayuka da yawa.

Wannan arziki an yi masa illa sau biyu. Madatsar ruwa ta Volgograd, wadda ta tare kogin a 1958 aka kammala ta a 1961, ta raba beluga da kusan duk wuraren da yake sakin ƙwai, ta kuma mai da cikowar kogi abin da injiniyoyin lantarki ke yanke hukunci a kansa. Gidajen ƙyanƙyasar kifi da gwamnati ta gina sun rage asarar. Sai rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta zo, ayyuka suka mutu, sa ido ya yi rauni, kamun sata ya zama sana'ar ƙauyuka da ta manyan 'yan fasa-ƙwauri. Kifin da kan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara ƙwai ba zai jure irin wannan ba. Rasha ta hana kamun beluga don kasuwa a 2000, sauran danginsa a 2005, daga baya duk ƙasashe biyar na gaɓar tekun suka amince da haramcin. Kabiyar ɗin da ake sayarwa bisa doka yanzu daga gonakin kifi yake fitowa. Vobla ma ya ragu har hukuma ta ƙuntata kamunsa ƙwarai.

Ƙarni na 20

Kafin juyin juya halin Rasha, man Baku ya riga ya mai da garin tashar sauke kaya daga jiragen teku zuwa na kogi, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1909. A yaƙin basasa garin ya tsaya a hannun Bolshebik, waɗanda suka murƙushe yajin aikin ma'aikata da jini a Maris 1919. A 1942 sojojin Jamus sun ratso filin Kalmikiya, aka tare su a wajen Khulkhuta, yamma da birnin. A shekarar aka shimfiɗa layin dogo cikin gaggawa daga Kizlyar zuwa Astrakhan don man Kaukasus ya ci gaba da isa fagen daga.

An kafa lardin na yanzu ranar 27 ga Disamba 1943, kuma ranar tana da baƙin tarihi. A ranar ce aka soke jamhuriyar Kalmikawa bisa zargin haɗa kai da Jamus, washegari aka fara kwashe al'ummar kakaf zuwa Saiberiya, aka ba wa sabon lardin babban kason ƙasarsu. Sai a 1957 aka bar su suka dawo aka mayar musu da mafi yawanta.

Faɗin fili da ƙarancin jama'a sun jawo sojoji. A Kapustin Yar, a arewacin lardin, aka harba makami mai linzami mai cin dogon zango na farko a Tarayyar Sobiyet ranar 18 ga Oktoba 1947. A Akhtubinsk kuma ake gwajin jiragen yaƙi. A 1976 aka gano babbar rijiyar iskar gas a Aksaraisk. Kusan rubu'in gas ɗin iska ce mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda daga cikinta ake tace farar wuta, har masana'antar ta zama cikin manyan masu samar da ita a duniya. Tsakanin 1980 da 1984 an tayar da bama-baman nukiliya 15 a ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki don yin ramukan ajiya a cikin gishiri, yawancin ramukan kuma suka matse ba a more su ba.

Jama'a da tattalin arziki

A ƙidayar 2010 Rashawa sun kai kimanin kashi 67 cikin ɗari na mutanen lardin, Kazakawa 16, Tatar kusan 7, sai Nogai da Kalmikawa da mutanen Kaukasus. Musulmi su ne al'umma ta biyu a yawa bayan Kiristocin Otodoks. Kabarin Kurmangazy, shahararren makaɗin Kazakawa, yana ƙauyen Altynzhar. A birnin aka haifi Ilya Ulyanov, mahaifin Lenin, a 1831, da mai zane Boris Kustodiev a 1878, da Rinat Dasayev, Batatare mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sobiyet, a 1957. Jami'ar likitanci ta garin, wadda aka kafa a 1918, tana karɓar ɗalibai da yawa daga Afirka da ƙasashen Larabawa.

Noman rani a fadama yana ba da tumatir da albasa da dankali, sai kankana wadda sunan Astrakhan ya zama tambarin ingancinta a kasuwannin Rasha. Amma mai da gas ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin shiga, musamman tun da kamfanin Lukoil ya fara haƙo mai a cikin teku a 2010, ya ƙara da babbar rijiyar Filanovski a 2016. Akwai kuma ƙerar jiragen ruwa. Tashoshin Astrakhan da Olya suna cikin shirin hanyar Arewa zuwa Kudu da Rasha da Iran da Indiya suka sa wa hannu a 2000, wanda ya ƙara daraja a idon Mosko bayan takunkuman da aka ƙaƙaba wa Rasha a 2022.

Babbar barazana ga wannan shiri ita ce janyewar tekun. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau ruwan Kaspiyan ya sauka da fiye da mita biyu, saboda ƙaruwar zafi da raguwar abin da Volga ke kawowa, alhali ita ke ba shi kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan kogunan da ke zuba a cikinsa. Arewacin tekun dama mita kaɗan ne zurfinsa. Mashigin da jirage ke bi daga reshen Bakhtemir zuwa teku sai an yi ta yashe shi kowace shekara, kuma sau da yawa akan rage wa jirage lodi kafin su iya wucewa.